Neman shawara: sabuwar fankar da na saya ta kasa kai buntu rumfa

Mai injin casar shinkafa, Daura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da injin casar shinkafa a hanyar Mai'aduwa. Da can buntu a bayan ɗakin inji yake zuba, to gari ya matso, maƙwabta suka fara kuka da ƙura. Ranar da wata dattijuwa ta kira ni ta nuna mani shanyarta duk buntu ya lulluɓe, wallahi na ji kunya. Sai na mayar da rumfar buntu can ƙarshen fili. Yanzu bututun da fanka ke hura buntu ta cikinsa ya kai mita 30, faɗinsa inci 8, gwiwa huɗu, sannan saikulon a ƙarshe, wato mazurarin nan da ke raba buntu da iska.

Tsohuwar fanka ta gaza, na je Kano na sayo babba. Mai shago ya ce tana ba da iska kubik mita 5,000 a awa, kuma da ya kunna ta a shagon har hulata ta ɗauke. Da muka ɗaura ta, ko awa ɗaya ba ta yi sai buntu ya kwanta cikin bututu, yara su kama bugunsa da sanda. In suka kwance mahaɗa don su zazzage, moto ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Jiya kuma ta fara girgiza. Farfelarta mai ƙananan fukafukai ce da yawa, sun lanƙwasa gaba. Mi ya kamata in yi? Kaka ta kusa, masu kawo shanshera sun fara kira.

Mai injin niƙa, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka sauya fuli ta ƙara gudu, ka sa moto mai doki 15. Ni haka na yi ma tawa.

Injiniya, Katsina:
Malam, a yi haƙuri, kada Alhaji ya fara da wannan. In ka ƙara ma fanka gudu da kashi 20 cikin ɗari, iska za ta ƙaru da kashi 20, ƙarfin turi da kashi 44, amma wutar da za ta sha za ta ƙaru da kusan kashi 73. Nan ne koyil ke ƙonewa, kuma farfelar da ba a ƙera ta don wannan gudu ba tana iya tarwatsewa.

Alhaji, ba a sayar maka da lalatacciyar fanka ba, an dai ba ka wadda ba aikinta ke nan ba. Lamba biyu ake tambaya wajen sayen fanka: yawan iska, da ƙarfin turin da za ta iya yi in an tare mata gaba. Mai shago ya faɗa maka ta farko kawai, ita ma ta lokacin da bakinta ke buɗe ce, ba bututu ko ɗaya. Irin taka mai fukafukai lanƙwashe gaba ta sanyaya ɗaki ce da fitar da hayaƙin kicin, iska mai yawa, turi kaɗan. Halinta ne in hanya ta buɗe ta ja wuta fiye da ƙima, shi ya sa moto ke zafi duk lokacin da yara suka kwance mahaɗa. Girgizar kuma, buɗe ka duba, za ka tarar buntu ya cushe tsakanin fukafukan, gefe ɗaya ya fi nauyi. Tsayar da ita kafin ta cinye boris.

Ga lissafinka a taƙaice. Don buntu ya yi tafiya bai kwanta ba, iska na son gudun kamar mita 20 a daƙiƙa. A bututu mai inci 8 wannan kubik mita 2,300 ne a awa, ƙasa da rabin abin da aka yi maka talla. Turi kuma da faskal ake auna shi. Kowace mita ta bututunka na cin kusan faskal 24, mita 30 sun ci 700 da 'yan kai. Gwiwa in mai kaifi ce, wadda aka yanka aka haɗa da walda, kowace na iya cin kusan 300. Saikulon ya ci 1,000 ko fiye. Ka ga ka doshi 3,000, ban ma sa nauyin buntun kansa ba.

Abin da ya dace da kai fanka ce mai miƙaƙƙun fukafukai, shida ko takwas, kamar faranti a tsaye, da sarari tsakaninsu ta yadda buntu zai wuce. Ka ce a nuna maka takardar kamfani mai zanen da ke haɗa yawan iska da turi, ka sa yatsa kan 2,300 ka ga ko turin ya kai. Wanda ya ce ba shi da takardar, ka ƙara gaba. Kuma ka bar rara, domin alƙaluman takarda na iska ce mai zafin digiri 20 a daidai teku. Mu nan muna sama da teku da kusan mita 500, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, iska ta yi sakayau, turi ya ragu da fiye da kashi 10.

Mai walda, Daura:
Gaskiyar Injiniya ce. Alhaji, buntu yashi ne a ɓoye, shi ya sa tokarsa ke da gautsi kamar gilashi. Na sha yanke gwiwar da ya huda ta bayan lanƙwasa, ƙarfen ya zama kamar takarda. Kada ka yarda da farfelar kwano, a yi maka da faranti mai kauri, kuma a daidaita nauyinta a kan inji, ba da ido ba. Gwiwoyin nan kuma kawo in mayar maka da su masu doguwar lanƙwasa.

Injiniya, Katsina:
Gyaran gwiwoyin kaɗai zai rage maka kusan faskal 800. Kafin ka kashe ko kwabo, samo tiyo mai haske, ka lanƙwasa shi ƙasa kamar ƙugiya, ka zuba ruwa rabi. Huda ɗan rami a bututu gaban fanka ka cusa baki ɗaya, ɗayan ka bar shi a buɗe. Tazarar da ke tsakanin saman ruwan biyu ita ce turin, kowace milimita kusan faskal 10. Ka duba kuma kibiyar da ke jikin fankar, mai nuna gefen da ya kamata ta juya. Irin waɗannan ko da baya suke juyawa suna hura iska, sai dai rarrauna, kuma musanya waya biyu cikin ukun da ke shiga moto ne gyaran.

Hajiya mai kamfanin gari, Katsina:
Ƙanena, ni bayan na sauya farfela sau biyu sai aka mayar mani da fanka bayan saikulon, tana zuƙa maimakon turawa. Kayan ba su ratsa ta, iska kawai take gani, don haka muka sa mai fukafukai lanƙwashe baya, ta fi rangwamen wuta. Amma dole ka sa ƙofar nan mai juyawa, wadda ke sakin buntu ba ta barin iska ta shiga, a gindin saikulon, in ba haka ba iska ta shigo ta ƙasa ta watsa buntu sama. Ka tuna da janareta kuma, lokacin tashi moto na fizgar wuta ninki shida ko fiye na wadda yake sha in yana aiki.

Mai injin casar shinkafa, Daura:
Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara sani. Na yi gwajin tiyo da safen nan, ruwa ya tsaya a milimita 90, ko kashi ɗaya cikin uku na abin da Injiniya ya lissafa bai kai ba. Juyinta daidai yake. Da muka buɗe murfi kuwa, buntu ya daskare cikin fukafukan, da sukundireba muka riƙa ƙwaƙulo shi. Malam mai walda, gobe bayan azahar zan aiko yara da gwiwoyin. Hajiya, taki dabarar ta kwanta mani, sai dai kuɗin ƙofar sai bayan kaka. Yanzu mai miƙaƙƙun fukafukai zan nema. Injiniya, in na samu takardar zanen zan ɗauko hotonta in sa nan, ka duba mani kafin in biya.