Iskar wata daga rana take ko daga duwatsu?

Auwalu: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina ɗan abin da ke kewaye da wata na iska, rana ce uwarsa. Wata ba shi da garkuwar maganaɗisu irin ta duniya, don haka ƙwayoyin da rana ke fesowa, masu gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa, kai tsaye suke dukan ƙasarsa.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Auwalu, ka yi saurin yanke hukunci. A 2024 masana a Amurka sun auna sinadaran fotasiyom da rubidiyom a ƙasar wata da 'yan sama jannatin Apollo suka kwaso, suka gano kusan kashi 70 cikin ɗari dukan ƙananan duwatsun sama ne ke tayar da iskar. Rana kashi 30 kawai ta samu.

Auwalu: Allah ya gafarta Malam, wannan lissafin dogon zamani ne, kuma na waɗancan sinadarai biyu. Heliyom da niyon fa? Daga rana suke zuwa. Kumbon LADEE na NASA, da aka harba a 2013, ya ga heliyom na ƙaruwa yana raguwa daidai da ƙarfin fesowar rana. Idan wata ya cika, ya shiga inuwar maganaɗisun duniya na 'yan kwanaki, sai heliyom ɗin ya ja baya.

Hajiya Rabi: Ku duka kun manta da sinadarin agon. Shi daga cikin watan yake fitowa, daga ruɓewar fotasiyom a duwatsu. Na'urar da Apollo 17 ta bari a 1972 ta nuna yana daskarewa a ƙasa da dare saboda tsananin sanyi, gari na wayewa ya tashi.

Malam Sani: Gaskiyarki, Hajiya. Kuma LADEE ɗin nan ya ga sodiyom ya ƙaru lokacin ruwan ƙananan duwatsun sama da ke zubowa a Disamba.

Auwalu: Ban musa ba, Malam. Amma a duba 10 ga Mayu 2024, da guguwar rana ta afka wa wata. Kumbon Indiya Chandrayaan-2 ya auna yawan iskar ɓangaren watan da ke fuskantar rana ya ninka fiye da sau goma.

Malam Sani: Wannan na yarda, idan rana ta fusata ita ce a gaba. Kashi 70 ɗina na nan dai a kan fotasiyom.