Marsandina tana kwana a durƙushe, ga biki saura sati uku

Baban Khalifa, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon bayani, raina ne a jagule. Marsandi S350 ce a hannuna, ƙirar 2008, baƙa. Asalinta ta yayana ce, Allah ya jiƙansa. Daga Beljiyam aka yo masa odarta, ta sauka Duwala, ya je da kansa ya tuƙo ta har Garwa. A cikinta ya kai mahaifiyarmu filin jirgi ranar da za ta tafi Makka. Da ya rasu aka zo rabon gado, aka yi wa motar kuɗi, dangi suka ce a sayar. Na ce wannan motar ba za ta bar gidanmu ba. Na sayar da filina na hanyar Pitowa na biya marayu haƙƙinsu cif. Har yau akwai mai yi min gorin filin nan a cikin dangi, amma a bar wannan.

Wata biyu ke nan, in na ajiye ta da daddare, kafin asuba gabanta na hagu ya zauna, ko yatsa biyu ba sa shiga tsakanin taya da bodi. In na tayar, sai famfon iska ya yi ta gurnani kafin ta miƙe. Jiya a kan gadar Binuwai jan rubutu ya fito wai in tsaya, mota ta yi ƙasa. Bakanike ɗaya ya ce a canza ƙafar iskar da famfon, sefa 700,000. Wani ya ce a cire iskar gaba ɗaya a sa sifirin. Babbar 'yar marigayin, wadda take hannuna, saura sati uku bikinta, kuma na yi mata alkawarin a motar babanta za a kai ta. Bara na sa mata rim 20, wato mai inci 20, ina kuma son sa babban allo na sikirin a gaba kafin bikin. Me zan yi?

Alhaji Na-Marwa:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, saurara da kyau, Marsandi huɗu na riƙe. Duk wanda ya ce ka sa sifirin a S, so yake ya mayar maka da ita motar haya. Wannan ƙirar, W221, da aka yi daga 2005 zuwa 2013, daɗinta duka a Airmatic yake, wato tsarin ƙafafun iskar da take tsayuwa a kansu. Robar ƙafar ce ta tsage. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da ke haura 40, ga ƙurar hunturu, babu robar da za ta dawwama. Wata biyun da ka yi kana kallonta shi ne ya cuce ka: iska na zurarewa, famfo na aiki ba hutu, har ya gaji. Ka canza ƙafafun gaba duka biyu, ba ɗaya ba, ka canza famfon tare da rilensa, don in rilen ya maƙale sabon famfon ma ƙonewa zai yi. Rim 20 kuwa ka cire shi yau.

Direban Kuseri:
Alhaji, ranka ya daɗe, wace hanyar za ta bi da iskar? Ni kullum ina kan Mora, Dabanga, Kuseri. Land Cruiser ma kuka take yi. Shekaranjiya awa nawa muka yi a Waza, taya biyu na fasa, mai motar kuma ya cire a albashina kamar ni na haƙa ramukan. Ɗan'uwa, sayar da ita ka sayi Camry ko Avalon ka huta. Kayan Toyota ko a Gidar ka lalace za ka samu.

Baban Khalifa, Garwa:
Na gode, amma maganar sayarwa babu ita, na faɗa tun farko. Kuseri kuma ban taɓa kai ta ba, iyakarta Ngaundare. Alhaji, rim ɗin ba shi da laifi, shekara guda ina hawa lafiya lau, kuma da tsada na saye shi.

Alhaji Na-Marwa:
Lafiya lau, ga ta a durƙushe? Taya sirirya ba ta shanye rami, duk dukan a ƙafa yake ƙarewa. Kai ka hau tsaunin Ngaundare da rim 20 sannan ka ce ba laifinsa. Kilomita nawa ta ci? Ba ka faɗa ba. Yaushe rabon da a juye man giya? Giyar nan 7G-Tronic ba ta da sandar awo, shi ya sa mutanenmu suke mancewa da ita sai ta fara fizga. Taka ta 2008 jan mai take sha, mai lamba 236.14, kada wani ya zuba maka shuɗin na baya-bayan nan. Baƙin man inji kuma 229.5. Wane fetur kake sha, na gidan mai ko zuwa-zuwa, na bakin hanyar nan da ake tsallakowa da shi daga Najeriya?

Maman Ummi:
Allah ya jiƙan yayanka, ya sanya alheri a bikin. Ni dai tsoro nake ji maka. Maigidana haka ya fara da tasa, yau famfo, gobe batir, jibi kwamfuta. Ya tura kuɗi Duwala aka aiko masa da kaya daga Camp Yabassi, aka ɗaura, sati biyu suka mutu, wanda ya aiko ya daina ɗaga waya. Shekara biyu ke nan tana ƙarƙashin darbejiya an lulluɓe ta da tamfol, kaji na ƙwai a ƙasanta, kuɗin makarantar yara kuma ni nake haɗawa da sana'ar ƙuli. Kuɗin allon nan ka ƙara wa yarinya a kayan ɗaki, Yaya. Marainiya ce.

Malam Injamena:
Kafin ka kashe ko dala, a gano inda take yoyo. Ba kullum ƙafa ba ce, wani lokaci tiyo ne ko akwatin bawul da ke raba iska. Ka kaɗa ruwan sabulu a gora, a ɗaga motar, a fesa a saman ƙafar da mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Da daddare ka auna kusurwa huɗun da tef ka rubuta, da safe ka sake. Sannan a sa mata valiz, wato na'urar binciken mota, irin na Marsandi mai suna Star, ba ƙaramin da ake yawo da shi a aljihu ba. Ni tawa na mayar da ita sifirin shekara uku da suka wuce, tare da 'yar na'urar da ke kashe jan rubutun. Ta ɗan rage laushi, gaskiya ne, amma ina kwana da hankalina.

Alhaji Na-Marwa:
Malam, ka kashe motarka ka zo kana neman abokan makoki. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ba zai iya ciyar da S ba ya bar ta. Kuma kada ka sayi ƙafar kwance, Baban Khalifa, robar da ta tsufa a Turai ce za ta zo ta ƙarasa a hannunka. Sabuwa daga Dubai, ko babu.

Baban Khalifa, Garwa:
Alhaji, iya ciyar da ita nake yi, ban taɓa yi mata rowa ba. Zuwa-zuwa ina sha wani lokaci, amma wurin mutum ɗaya da na sani shekara da shekaru, yana tacewa a gabana. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ma bambancin ba wani yawa ba ne. Hajiya, kayan ɗaki an gama su tuni, allon nan tsohon ne ya dushe, ba ƙawa ba ce. Dubai kuma sati uku ba zai isa ba. Wani yaro ya ce akwai ƙafa ɗaya ta kwance a Jimeta mai kyau, in ba ta yi ba a duba Ƙofar Ruwa a Kano. Ina ganin ita zan ɗaura a wuce bikin.

Malam Injamena:
Ka gwada sabulun tukuna?

Alhaji Na-Marwa:
Ɗaya! Ta kwance! To, na faɗi nawa. In ta zauna da amarya a tsakiyar Yelwa kada a kira ni. Har yanzu ba ka faɗi kilomita ba.

Direban Kuseri:
In ka canza shawara, akwai wani maigidana a Injamena yana neman irinta, ko a durƙushe zai saya.

Baban Khalifa, Garwa:
Ba ta sayarwa ba ce. Asabar zan tsallaka Jimeta in sha Allah. Akwai wanda ya san ko ƙafar S500 tana shiga S350? Yaron ya ce daga jikin S500 aka kwance ta.