Wane abinci ne ke ƙara bitamin D?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa, na je mustashfa (asibiti) nan Jidda likita ya ce bitamin D ɗina ya yi ƙasa, ga ciwon ƙashi ga kasala wallahi abin ya dame ni, me zan riƙa ci?

Hajiya Babba: Sannu ƙanwata, kifi mai maiƙo shi ne kan gaba, sardin ko tuna, na gwangwani ma ya yi. Gwaiduwar ƙwai tana da shi amma wajen 40 IU (ma'aunin bitamin) ne kawai, babba kuwa 600 yake buƙata a rana.

Abu Ammar: Da madarar da aka ƙara wa D, ki duba jikin robar. Kullum muna ɗaki cikin mukayyif (AC) ai, ki riƙa shan hantsi don hasken rana na sa jiki ya samar da D, ta bayan gilashi ba ya yi.

Maman Hanif: Na gode, gobe sai kasuwar Bangala sayen kifi.