Sa'a ce ko naci? Yadda ta kaya da mu lokacin canjin kuɗi

Mai shagon kayan masarufi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya muka yi ta gardama da yayana har aka kira la'asar. Shi ya kafe a kan kasuwa sa'a ce, ni na ce naci ne. Da muka rasa mai raba mu, sai na ce mu auna da lokacin da kowa ya ɗanɗana: farkon 2023, bayan Babban Banki ya canja takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsofaffin kuɗi suka shige banki, sababbi kuma suka gagara samuwa. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa, ban da jita-jita.

Mai POS, Zariya:
Wa'alaikumus salam. Ni ba zan ɓoye ba, sa'a na taka. Wata biyu kacal da kafa lemata abin ya faru. Maƙwabcina mai gidan burodi ne, kullum da yamma tsabar kuɗi ke taruwa a hannunsa, ga shi ba ya son layin banki. Sai ya ba ni, ni kuma in tura masa. Mutane na kwana a bakin ATM, ni kuɗi na jakata. Cikin mako shida na mayar da jarina har na sayi babur. Da a layin baya na kafa lemar nan, da ban samu ko sisi ba. Abin da ke damuna har yau cajin da na riƙa yi ne. Akwai tsohuwar da na cire wa ɗari biyar cikin dubu uku, ta ƙirga sau biyu, ta ɗaure a bakin zane, ba ta ce uffan ba.

Ɗan kasuwar hatsi, Dawanau:
Ƙanina, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bari ka ji ta wajenmu. A kasuwannin ƙauye farashi biyu aka yi, na tsaba da na tiransifa, don manomi da yawa ba su da asusu, kuma ba sa son jin zancen alat. Duk wanda ya shigo da sababbin kuɗi a aljihu ya kwashi masara da araha. Ni ba ni da su. Abin da nake da shi kawai shekara 14 da na yi ina zuwa Dandume. Mutanen da nake saye a hannunsu suka loda mini buhu 40, ba takarda ba shaida, suka ce in kuɗi sun fito in kawo. Bayan Kotun Ƙoli ta yanke ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, na harhaɗa na kai musu.

A kasuwa aka yi ta cewa na yi sa'a. Wace sa'a? Akwai shekarar da motar kayana ta faɗi a hanya, ruwa ya jiƙa hatsin, na sayar da filina na biya mutanen nan har kobo. Shi suka tuna.

Mai abincin sayarwa, Kaduna:
Alhaji, Allah ya ƙara rufin asiri. Amma a yi mana adalci, ba kowane mai naci ne ya tsira ba. Shekara tara ina hura wuta tun kafin asuba, ko ranar da na tashi da zazzaɓi ban fasa ba. Masu cin abincina leburori ne da masu Keke Napep. Mutum ya ci na ɗari huɗu, ya tura, kuɗin su maƙale, ya nuna mini waya, ni kuma mai tumatir da mai gawayi ba sa karɓar komai sai tsaba. Ba zan iya kallon mai yunwa in hana shi ba, sai na koma rubuta bashi, har na cika littafi guda. Kafin azumi jari ya karye. Wata biyar tukunyata na kife.

Mai shagon kayan masarufi, Kano:
Subhanallah. Hajiya, yanzu fa, kin dawo?

Mai abincin sayarwa, Kaduna:
Na dawo, da zubin adashe da ƙanwata ta bar mini. Da mudu goma nake dafawa, yanzu uku. Littafin yana nan ƙarƙashin katifa, ban yaga shi ba. Makon jiya ma wani direba ya tsaya ya miƙo mini dubu biyu, ya ce in soke sunansa.