Mai zane ne ni, ina son in shiga dokumentari: ana cin abinci da shi kuwa?

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Zane na karanta a ABU, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 4 ke nan ina da ɗan shago a Samaru. Katin biki, kalandar Islamiyya, tambarin 'yan kasuwa, in siyasa ta zo kuma fasta har sai ido ya yi ja. Alhamdulillahi, ba na roƙon kowa kuɗin cefane.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne zauren gidan kakanmu a cikin birnin Zariya. Daminar bara bangon gaba ya zube, da dagin da ke saman ƙofa da takubba biyu da wani magini ya fitar da hannunsa tun kafin a haifi mahaifina. Aka kawo bulo da siminti aka tayar. Ni da ake kira mai zane a gidan, ko hoto ɗaya ban taɓa ɗauka ba. Akwai wani dattijo magini da har yanzu ya san haɗin makuba na shafen bango da ɗaurin bakan gizo (lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufin soro) da azara, ina son in yi fim a kansa tun yana da ƙarfin magana. Tunanina in sayar da babur in sayi kyamara, in rufe shago wata 6. Hauka ne ko dabara?

Baban Majigi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka rufe shagon nan. Na daɗe a harkar, kuma ban taɓa yin fim ɗin kaina da ya dawo da kuɗinsa ba. Bidiyon biki da aikin ƙungiyoyi su suka riƙe gidana, su kuma suka biya fina-finan da nake alfahari da su. Kai ma katin bikin nan da kake rainawa shi ne uban gidan fim ɗinka. Aikin ƙungiyoyin ma sai da lura. Wata ta taɓa sa ni yawon ƙauyuka kwana 9 ba tare da takardar yarjejeniya ba, da na kai aiki aka ce wanda muka yi magana da shi ya bar wurin. Har yau ina bin su.

Batun kyamara kuwa, bar babur ɗinka. Wayar hannunka ta isa farawa. In za ka kashe kuɗi, kashe a kan murya. Mutane za su jure hoto mai ɗan duhu, amma ba mai zama ya saurari tsoho ana jin janareto da kukan akuya sun danne shi. Na taɓa yin hirar awa 2 da wani maɗinkin babbar riga yana kwatanta mini adon ɗinkin da ake kira aska takwas, allura a hannu, zare a baki. Da na koma gida na kunna, ƙarar injin markaɗen maƙwabta kawai nake ji. Kafin in sake samun zama da shi Allah ya yi masa rasuwa. Sayi ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, ka sa abin ji a kunne duk lokacin ɗauka, kuma ka ajiye komai wuri biyu a daren ranar.

Karatu in kana so, akwai makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos. In ka gama aiki kuma akwai bikin fina-finai na iREP a Legas, na dokumentari ne zalla tun 2010, da na Zuma a Abuja. Amma wannan maganar gaba ce.

'Yar Tudun Wada:
Malam, Baba ya gama maganar kuɗi, ni ta shiga gida zan yi. Kada ka fara zuwa da kyamara. Je ka gaida mai unguwa, ka je wurin dattijon sau biyu sau uku hannu sake, da ɗan goronka. Ka gaya masa inda fim ɗin zai fita, har YouTube, domin 'ya'yansa za su gani, kuma in ba su yarda ba tun farko rigima ce daga baya.

Sannan ina ganin fim ɗinka rabi ne in ka tsaya a zaure. Daɓe aikin mata ne, da waƙoƙinsa, kuma tsofaffin da suka buga madaɓi suna nan cikin gidaje. Kai ba za ka shiga ba. Nemi ƙanwarka ko wata ɗaliba ka koya mata riƙe waya, ko murya kaɗai ta ɗauko maka in ba su son a ga fuskarsu.

Malam Na Kongo:
Ni dai ƙorafina ɗaya, duk wanda ya tashi fim a Zariya sai ya buɗe da hawan Sallah da algaita. Mun gani, mun gode. Tunda ginin ƙasa za ka yi, tafi Masallacin Juma'a ka nemi izini ka ga abin da ya rage na aikin Babban Gwani Mikaila, wanda ya gina shi zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ɗaga kai ka kalli bakan gizon nan, sannan ka tambayi dattijonka yadda ake ɗaura shi. Kuma idonka na mai zane jari ne: abin da ya riga ya rushe, kamar dagin gidanku, kai kana iya zana shi ka motsa shi a cikin fim. Yawancin masu kyamara sai sun biya wani ya yi musu wannan.

Ɗan Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, babur ya tsira. Hajiya, na yi wa ƙanwata magana, ta ce sai dai in dinga sa mata data. Malam, wallahi da algaitar na yi niyyar buɗewa, na fasa. Ranar Juma'a bayan an sauko zan je gaida dattijon, ba waya a hannu. Baba, makirfon nan ana samunsa a Sabon Gari, ko sai na aika Kaduna?