Awon kusurwa bai zo daidai ba, in bari a zuba kankare?

Baban Hafsa: Salamu alaikum. An haƙa mini fandisho a Bayan Kara, Birnin Kebbi. Ɗaki ƙafa 12 ne kowane gefe, na auna da kaina. Amma da na ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta, wani layin ya fi wani da inci 4. Magini ya ce filasta za ta cinye. Ranar Asabar za a zuba kankare. In tsayar da aiki ko in bari?

Ɗan Jega: Siminti na ƙwarai ka nema kawai, sauran duk mai sauƙi ne.

Malam Lissafi: Tsayar da shi, Alhaji. Gefe huɗu su zo ɗaya bai isa ba, ɗakin na iya karkacewa alhali kowane bango 12 ne. Sai layukan biyu sun yi tsawo ɗaya kusurwa ke miƙewa. A naka, kowane ya zama ƙafa 17 saura kamar sulusin inci. Ka ja igiya biyu daga kusurwa zuwa kusurwa, su zo tsawo ɗaya.

Maman Sadik: Filasta? Haka anka ce muna. Sai da mai tayis ya zo asiri ya tonu. Layin farko cikakke, kafin ya kai ƙarshen bango yana yanka tayis siriri kamar yatsa. Kafinta ya ƙara kuɗi don kwano ya ƙi zama. Gadona har yau bai manne da bango ba, takalman yara can suke faɗawa. Maginin ya daina ɗaukar waya. Allah ya isa.

Birkila Argungu: Hajiya, ki yi haƙuri, ba duka muka zama ɗaya ba. Malam kuma alli ya sani. Mu 3, 4, 5 muke bugawa: ƙafa 3 nan, 4 can, tsakani 5, shi ke nan.

Malam Lissafi: Lissafin ɗaya ne, Oga. Amma a kusurwa guda kake gwadawa, kuskuren da bai fito a ƙafa 3 ba zai fito a dogon bango.

Maman Sadik: Nawa maginin ma da 3, 4, 5 ɗin ya rantse.

Ɗan Jega: Dubu 15 na ba mai awo ya sake kafa turaku.

Abu Kalgo: Ina? Dubu 40 anka nema gare ni, ban da kuɗin mai.

Sarkin Zolaya: A bar shi haka, ɓarawo in ya shiga ya rasa gabas.

Abu Kalgo: Ku kuna ta inci 4. Fuloti na saya 50 da 100, ya kamata kusurwa zuwa kusurwa ta kai kusan ƙafa 112. Na samu 108. Ashe maƙwabci ya ci gefe guda tun kafin dillali ya kawo ni.

Maman Sadik: Dillalan fili ai sai addu'a. Ka kai wa mai unguwa?

Baban Hafsa: Jama'a, Asabar fa jibi ce.

Abu Kalgo: Na kai, Hajiya. Ya ce in kawo takardar ciniki, ita kuma ba a rubuta awo a ciki ba.