Me za mu kira "pacemaker" a tseren mita 1500?

Ɗan Fagge: Jama'a a taimaka, ƙarfe 4 zan shiga shirin wasanni. Zan bayyana yadda Centrowitz ya ci zinaren mita 1500 a Riyo 2016 da 3:50.00, alhali El Guerrouj ya yi 3:26.00 a Rum tun 1998. A Olamfik babu pacemaker, wanda ake biya ya ja gudun zagaye biyu ko uku sannan ya fice. Da babu shi, kowa sai ya noƙe yana jiran zagayen ƙarshe. Me zan kira shi?

Bazazzagi: Jagora.

Ɗan Fagge: Rudisha ma ya ja gaba tun daga farko a Landan 2012, mita 800, 1:40.91, kuma shi ya ci. Shi ma jagora ne ai. Wanda nake nufi ba ya ƙarasawa.

'Yar Damagaram: Zomo. Faransawa ma zomo suke ce masa, mu nan haka muka saba ji.

Malamin Hausa: Haba baiwar Allah! Aron fassara ke nan. Mu tsere wa Ingilishi mu faɗa Faransanci? Na daɗe ina cewa "masaitin-taki". Ma- da -i, sunan mai aiki, ƙa'ida ta cika.

Bazazzagi: Malam, masaiti kamar kayan gyaran rediyo.

Malamin Hausa: Ku 'yan zamani kunnenku ya lalace da aro.

'Yar Damagaram: To Malam, "saiti" daga ina ta zo? Kuma don me kullum sai abin da Kano ta yarda ne Hausa?

Na Gusau: Ku bar wannan. Ɗan rakiya fa? Ya taka maka, ya juya.

Bazazzagi: A ƙwallo ɗan rakiya wanda ya je gasa bai taɓuka komai ba ne. Za a ɗauka zagi ne.

Na Gusau: Gaskiya. Amma Ɗan Fagge, ka ambaci Faris 2024. Ingebrigtsen ya mai da kansa zomon kowa, ya buɗe yana tare Kerr, Hocker ya bi ta ciki ya ci da 3:27.65, shi kuwa Ingebrigtsen ya ƙare na huɗu. Buɗewa zuwa layi na biyu kaɗai ƙarin mita 7 ne a kowane zagaye.

Malamin Hausa: Kai ma zomon ka ce?

Ɗan Fagge: Lokaci ya ƙure. Zan ce "mai jan gudu", in ƙara da cewa wasu na kiransa zomo.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, ba kalma ba. Amma je ka, ya fi zomo.